Hular Kwano Mai Ruwan Zinariya

Medan, 4 ga Maris

Zuwa ga yayana, Uda Masrizal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Japan ya fara ɗaga maka ƙafa. Mu nan lafiya lau. Amak, tsohuwarmu, ta aiko daga ƙauye cewa gwiwar ta yi sauƙi, har tana zuwa masallaci da ƙafarta. Gidan abinci yana tafiya, sai dai kwakwa ta yi tsada, naman rendang ɗin da nake dafawa da ita ma yanzu sai na ƙanƙanta yanka.

Takarda na zaɓa ban kira ka ba, don a waya katse ni kake yi da "yi haƙuri, Yus", ni kuwa yau ba haƙuri na fito saye ba.

Ranar Lahadi 'yata Nilam ta ci tseren ƙananan motoci na yara. Ka ji ko? 'Yar shekara goma sha biyu, ita kaɗai mace cikin yara goma sha shida, a 'yar motar da marigayi ubanta Bahrul ya harhaɗa da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Ta bar kowa a baya, har da Fadlan ɗan Darwis, wanda uban ya saya wa sabon inji. Aka miƙa mata kofi ta ɗaga, ni ina ihu har mayafina ya zame ban sani ba. Ba a yi minti ashirin ba sai ga alƙalin tsere da takarda a hannu, wai an shigar da ƙorafi a kan hular kwanonta. Ka san wanda ya shigar? Baffanta. Darwis, wan ubanta, uwa ɗaya uba ɗaya.

A gaban jama'a suka kife hular a tebur suka zazzago soson da ke ciki. E, hular Bahrul ce, ta yi mata yawa, na yanko soson katifa na cike mata gefe da gefe. To sai me? Wai babu tambarin yara a cikinta, wai ta manya ce, wai ta tsufa. Suka zare kofin daga hannun yarinya suka ba Fadlan. Nilam ba ta yi kuka ba, ni ma na cije. Sai matar Darwis ta matso ta dafa ni ta ce, "Haba Yus, da kin yi magana ai da mun taimaka." Uda, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Gara in faɗa maka da bakina kafin ka ji a wani wuri: sau biyu Darwis ya tare ni a baya wai hular ba ta dace ba, har da cewa zai saya mata wata. Ni zai yi wa sadaka? Na ce ya riƙe kuɗinsa. Amma in da gaske kan yarinyar ne ya dame shi, me ya hana shi zuwa wajen alƙalai kafin a tashi? Ya zuba ido ta yi zagaye goma sha huɗu, sai da ya ga ɗansa ya sha kaye sannan ya tuna akwai doka. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ranar 30 ga Mayu ake babban kofi na shekara. Na rantse kofin nan a gidana zai kwana, Darwis yana tsaye yana kallo. Kai ne kawunta, kuma shekararka shida a masana'antar hular kwano. Magabata sun ce naka ka rungume shi, ɗan 'yar'uwarka ka riƙe masa hannu. To ga hannun nan. Ka nemo mata hula mai tambarin da suke so, wadda kuɗinta ba zai karya mu ba, amma ta fi ta Fadlan kyau. Tasa mai ruwan zinariya ce, uban yana ta yawo da ita wai daga waje aka kawo. Ga zare nan a cikin ambulan, daga ƙulli zuwa ƙulli shi ne girman kanta.

Ƙanwarka,
Yusnidar

Gifu, 16 ga Maris

Ƙanwata Yusnidar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, in ban da yatsu da suka tsattsage saboda sanyi da gam. Na karanta sau biyu, har ambulan ɗin ɗumi yake yi. Na ji daɗin labarin Amak. Ki gaishe da Nilam, ki ce kawunta ya ba duk 'yan sashensu labari, kuma ita ce ta ci tseren ko wa ke riƙe da kofin.

Na auna zaren, santimita hamsin da takwas. Yus, nawa kan ne hamsin da takwas, ƙaton kan nan da kuke yi wa dariya tun muna yara. Na san aikinki. Kin auna, sannan kin ƙara yatsu uku don ta girma a ciki, yadda Amak ke saya mana takalmin sallah. Hula ba takalmi ba ce. In ta yi yawa, ranar da aka bugu juyawa za ta yi, ko ta fice ta bar kan a waje. Ki sake aunawa. Ta sa ƙyallen da take sawa a ƙarƙashin hular, kada ta tufke gashi a ƙeya, zaren ya bi saman gira da yatsa ɗaya. Kada ki ƙara ko ƙwayar shinkafa.

Dokar nan ba don a ci mutuncin talaka aka yi ta ba. Yaron da bai kai sha biyar ba wuyansa bai yi ƙwari ba, in ya yi karo da hular manya a ka, nauyinta ne ke fizgar wuyan. Shi ya sa aka ware ta yara, mara nauyi, aka manna mata tambari a ciki, ƙarƙashin soso. Ranar hutu na zaga shaguna uku. Akwai baƙa mai sheƙi, yen dubu casa'in. Akwai mai zane-zane, dubu hamsin. Akwai fara fat, ƙirar bara, dubu ashirin da takwas, mai shagon yana neman rabuwa da ita. Tambarin da ke cikinsu ɗaya ne, gwajin da suka ci ɗaya ne, sauran kuɗin na fenti ne da yanga. Farar zan saya, kuma aljihuna zai ɗauka, ba sai kin aiko da komai ba.

Saura maganar da za ki ji haushi. Hular Bahrul, Allah ya jiƙansa, ta haura shekara goma, cikinta ya riga ya mutu, soson katifa kuwa ba abin da yake tarewa. Yadda Darwis ya yi bai kyauta ba, kafin a tashi ya kamata ya yi magana. Amma abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ina wurin, ni ma da ban bari ta shiga mota da ita ba.

Yayanki,
Masrizal

Medan, 28 ga Maris

Uda,

Gaisuwa. Muna lafiya, soson katifa bai kashe mu ba tukuna.

Ashe Darwis yana da lauya a Japan ban sani ba! Na kai kuka wajen ɗan'uwana, ya ce wanda ya doke ni ya yi daidai. Sannu da aiki. Kwana uku takardarka ta yi a ƙarƙashin buhun shinkafa, don in na gan ta sai in ji gishiri na neman yi mini yawa a miya.

Na sake aunawa yadda ka ce, hamsin da huɗu da rabi. Kuma yatsu biyu na ƙara ba uku ba, kada ka yi mini ƙazafi.

Fara fat kuma? Ɗan Darwis da ruwan zinariya, 'yata da dafaffen ƙwai a ka. Ita dai Nilam ta ce ko ta kwali ce in dai za a bar ta ta shiga fili. Tun ranar nan an hana ta ko gwaji sai da hula. Kullum ta dawo makaranta sai ta shige motar a bayan kicin, ta riƙe sitiyari tana shan kwana tana kukan inji da baki, ni ina leƙenta ta taga ina haɗiyar zuciya. Saboda haka ka saya, amma ka sani raina bai so ba.

Ga hoto nan na ranar. Matar Darwis ce ta sa aka wanke shi babba ta aiko mini, wai don tarihi. Dubi Fadlan, kofin 'yata a hannu ɗaya, hular zinariyar a hammata. Dubi haƙoran uban duk a waje. Ka manna shi a bangon ɗakinka ka riƙa kallon wanda kake karewa.

Yusnidar

Gifu, 9 ga Afrilu

Yus,

Da fatan kuna lafiya, ke da Nilam da Amak. Ni lafiya, sanyi ya tafi, yatsu sun warke.

Hula ta taho, jiya na kai ta gidan waya. Za ta matse mata kumatu, haka ake so. Ki riƙe hular ki ce ta girgiza kai, in fatar goshinta na tafiya tare da ita, ta zauna daidai. Kada ki kai wa mai fentin bakin titi, kada a huda ta, kada a bar ta a rana. In ta faɗo daga wuri mai tsawo ki gaya mini.

Yanzu ki ajiye fushi ki karanta wannan a natse. Hoton nan ya hana ni cin abinci, kuma ba haƙoran Darwis ba ne, hular ce. Na kai wa shugaban sashenmu, tsohon da ya yi shekara talatin a wannan aiki, muka duba da gilashin ƙara girma. Sunan kamfaninmu ne a goshinta, amma ba mu muka yi ta ba. Robar da ke zagaye bakinta ni nake manna ta, guda ɗari biyu a rana, mahaɗinta a ƙeya yake, na wannan a haɓa. Ramukan iska namu biyu ne, nata uku. Jabu ce, Yus. An taɓa kawo mana irinta muka sa a injin gwaji, bugu ɗaya ta dare gida biyu, cikinta irin farin soson nan ne da ake naɗe firji. Har tambarin cikin na bogi suke bugawa, shi ya sa take wuce alƙalai. Na gaske in an karkata shi launi yake sauyawa, in an ɓanɓare shi yayyagewa yake yi. Na bogi ɗungurungum yake fita.

Na tabbata Darwis bai sani ba, cutarsa aka yi. Ba uban da zai sa wa ɗansa wannan da saninsa. Ba ni da lambarsa, kuma ban san sabon gidansa ba tun da kuka raba gari bayan rasuwar Bahrul. Na rubuta masa takarda, ga ta nan cikin taki. Ki kai masa ranar da ta iso, in ba ki son ganin fuskarsa ki aika. Kada Fadlan ya ƙara zagaye ɗaya da hular nan. Ki tuna ke kika goya yaron nan wata biyu lokacin da uwarsa ke asibiti.

Masrizal

Medan, 22 ga Afrilu

Uda Masrizal,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, ni kam na daɗe ban ji daɗin jikina irin na wannan satin ba.

Hula ta iso, rana ɗaya da takardarka. Nilam ta sa ta, kumatunta suka taru a tsakiya, na ce ta yi kaɗan, ta ce, "Mama, Kawu ya ce haka ake so." Da ita a ka ta yi aikin makaranta, da ƙyar na raba su don ta ci abinci. Jiya muka je fili. Alƙalin da ya zazzage waccan shi ya duba wannan, ya ɗaga soso, ya karkata ta, ya ce, "Wannan kam ba magana." Na ce masa in yana so in kawo masa katifar ma ya duba. Ta yi gwaji, kuma hannunta bai manta ba.

Na janye maganar ƙwai. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na karanta zancen hoton har sau huɗu. Ikon Allah, wai daga waje aka kawo! Takardar Darwis tana hannuna, ka kwantar da hankalinka, ni da kaina zan damƙa masa.

Ƙanwarka,
Yus

Gifu, 3 ga Mayu

Ƙanwata,

Alhamdulillahi, lafiya nake, kuma takardarki ta sauke mini nauyi. Kwanakin nan ko robar nake mannawa sai in ga fuskar Fadlan. Na san dama zuciyarki ta fi bakinki kyau, Amak ma haka take faɗa in ba kya kusa. Me Darwis ya ce? In yana son irin ta Nilam ya aiko da awo, saura ɗaya a shagon. Ki ce wa Nilam ta daina aikin makaranta da hula.

Masrizal

Medan, 20 ga Mayu

Uda,

Lafiya muke. Ruwa ya sauko, rufin kicin yana yoyo, in ban da wannan ba komai.

Ka tambaya me Darwis ya ce. Bai ce komai ba, don ban ba shi ba. Takardar tana cikin jakata, kuma ranar 30 zai karɓa.

Na zauna na karance littafin dokokinsu kaf, ni da ban gama sakandare ba. Ana shigar da ƙorafi cikin minti talatin bayan an gama tsere. Na sayar da awarwaro ɗaya na ajiye kuɗin takardar ƙorafin. Yaran nan biyu su ne gaba kullum, sauran rakiya suke yi. In Nilam ta ci, in shigar, a soke sunan Fadlan. In Fadlan ya ci, in shigar, a zare kofin daga hannunsa a gaban uwar da ta ce za ta taimake ni. A teburin da aka kife hular mijina, nan za a kife ta zinariyar. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi, kuma shi ya koya mini hanyar.

Kada ka ce mini kan yaro. Tsere biyu ya yi da ita tun zuwan takardarka, ina tsaye ina kallo, ko ƙwarzane bai yi ba. Wanda ya shekara da hula ba abin da ya same shi, kwana goma ne za su kashe shi? Allah ke tsarewa. Goyon da na yi masa kuwa, ubansa bai tuna da shi ba ranar da ya kunyata marainiya.

Na faɗa maka ne don ban saba ɓoye maka abu ba. Amma na lissafa kwanakin gidan waya, amsarka ba za ta iso ba sai an gama.

Yusnidar

Gifu, 29 ga Mayu

Yusnidar,

Ba zan ce miki lafiya nake ba. Takardarki ta iso jiya, gobe ne tsere. Sau goma sha ɗaya na kira wayar gidan abinci, ana ɗagawa a ji muryata a ajiye. Na kira duk wanda nake da lambarsa a Medan, ba mai lambar Darwis.

Kin ce laifinsa shi ne ya bar Nilam ta yi zagaye goma sha huɗu da hular da ya san ba ta da kyau. Ke nawa kika bar Fadlan ya yi? Ni na ba ki labarin nan don ki ceci yaro, kika mai da shi wuƙa, kuma da sa hannuna a jiki. Na ga abin da injin gwaji ya yi wa irin hular nan, ke ba ki gani ba. In wani abu ya sami yaron nan, ni da ke muka yi, kuma ba zan ƙara rubuta "ƙanwata" a saman takarda ba.

Na san wannan ba za ta iso da wuri ba. Na rubuta ne don ba abin da ya rage mini in yi sai addu'a.

Masrizal

Medan, 8 ga Yuni

Uda Masrizal,

Assalamu alaikum. Fadlan lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya same shi. Da wannan na fara don na san shi kake nema. Nilam ma lafiya, ni ma da sauƙi. Takardarka ta iso yau, ban buɗe ba, na san abin da ke ciki. Ka bari in ba ka labarin yadda ya faru, kada ka tsallake.

Ranar tseren, Fadlan ne a layin farko, Nilam tana bayansa. Ana saura minti biyu a tashi na durƙusa ina ɗaure mata igiyar hula, sai na ga ta ƙanƙame sitiyari kamar za ta karya shi. Wata uku ina cusa mata cewa kofin nan na ubanta ne, dole ta karɓo. Na ce bari in rage mata nauyi. Na sa baki a kunnen hular na ce, "Kada ki damu, ko ya riga ki kofin namu ne. Hularsa jabu ce, ina da takarda."

Ta ɗaga gilashi ta ce, "Jabu kamar yaya?"

Na ce, "Kawunki ya ce bugu ɗaya za ta dare."

Ta ce, "Fadlan ya sani?"

Sai aka busa usur, aka kori iyaye daga fili. Ina tafiya ina jin ta tana ƙwala masa kira, amma injuna goma sha shida sun tashi, wa zai ji?

Ka san kwanar nan mai kaifi ta wajen tarin tayoyi, Bahrul ya taɓa aiko maka da hotonta. Nan Nilam ke cin mutane. Shiga take yi ta ciki, taya na gogar taya, har wancan ya ji tsoro ya buɗe. A zagaye na biyu Fadlan ya bar mata ƙofa a nan, wadda ko ni zan wuce. Ta taka birki. Na huɗu ma haka. Na bakwai ma haka. Ina jikin waya ina ihu, "Shiga mana! Me kike jira, don ubanki?" Har na zagi marigayi, Uda, ban sani ba.

Sai a zagaye na takwas na gane abin da take yi. Akwai wani yaro mai koriyar mota, lamba tara, kowa ya san shi da tunkuyi, ya sha watsa yara cikin tayoyi. Ya taho ya manne mata a baya yana neman Fadlan. Ya yi dama ta yi dama, ya yi hagu ta yi hagu. Sau biyu ya dake ta, har ƙarfen bayan motarta ya lanƙwashe, na ga farar hular ta yi gaba ta dawo. Ba ta buɗe masa ba, kuma ba ta matsa kusa da Fadlan ba, ta bar tazarar mota guda tsakaninsu har aka kaɗa tuta. Fadlan na ɗaya, ita ta biyu.

Na san kana fatan in ce a nan na yaga takardar ƙorafin. Ban yaga ba, na shigar. Wata uku ina dafa abu, ba zan zubar ranar sauke tukunya ba, haka na gaya wa kaina.

Aka kira su teburin. Darwis har dariya yake, yana cewa, "Hular rupiya miliyan bakwai? Ku duba da kyau, kada ta kashe muku ido." Na ce wa alƙali ya karkata tambarin. Launi bai sauya ba. Ya sa farce, ya fito ɗungurungum yadda ka faɗa. Dariyar Darwis ta ɗauke. Ya karɓi hular da kansa, ya juya ta, sai ya ɗaga ya maka a gefen dakalin siminti, kuma wallahi ba da wani ƙarfi sosai ba. Ta dare tun daga goshi har ƙeya, farin soson ya zubo. Matarsa ta zauna a ƙasa daɓas. Na dube ta na ce, "Da kin yi magana ai da mun taimaka." Na faɗa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ta yi mini daɗi.

Sannan na zaro takardarka na miƙa masa. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Na ga leɓensa yana motsi a kan kwanan watan takardar, tara ga Afrilu. Ya naɗe yatsa ɗaya, biyu, uku, tseren da yaron ya yi tun daga ranar. Na gyara tsayuwa ina jiran zagi, don na tanadi amsar kowanne. Bai zage ni ba. Ya jawo Fadlan, ya ɗora tafin hannu a kansa yana shafawa, yana lalubawa ta ko'ina, yaron yana cewa, "Baba, lafiyata lau fa." Can ya ɗago ya ce, "Ni sau biyu na zo na gaya miki, Yus."

Sau uku aka kira sunan Nilam a lasifika ta zo ta karɓi kofi. Tana zaune a kan taya da hular a cinya, ba ta tashi ba. Ni na je na karɓo.

Ni da ita muka kama hanyar gida har muka kusa kwanar unguwarmu. Na ce, "Ga kofin Babanki, riƙe mana." Ta ce, "Mama, ni yau ban yi tsere ba, gadi na yi. Zagaye goma sha huɗu ina kallon ƙeyarsa ina roƙon Allah kada tayarsa ta zame. Ke kuma kina can kina cewa in shiga." Na ce ai ba abin da ya faru. Ta ce, "Da ya faru fa, da tayata ce."

Tun ranar in na yi magana ta amsa, in na zuba abinci ta ci, shi ke nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, na dafa mata abin da ta fi so, duk ɗaya. Shekaranjiya ta ce tana so ta yi hutun makaranta a gidan Baffanta, ai dangin uba ma suna da haƙƙi. Ni da na hana ta taka gidan nan shekara uku, sai ga ni na ce to. Jiya Darwis ya zo ɗaukarta. Bai shigo ba, daga cikin mota ya gaishe ni, ya ce in ce maka ya gode, kuma zai rubuto maka da kansa.

Ta tafi da farar hular, wai za su riƙa gwaji bi da bi ita da Fadlan kafin tasa ta zo. Kofin ta bar shi. Yana nan a kan kantar gidan abinci kusa da tukunyar shinkafa, kowa ya shigo cin abinci sai ya yi mini barka.

Ƙanwarka, in har yanzu kana so,
Yus